Ranar Da Muka Ƙirga Kayanmu

Mu huɗu ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai: biyu daga Rawayya, ɗaya daga Tsafe, ɗaya kuma 'yar cikin garin Gusau. Ganin mu 'yan jiha ɗaya ne a garin da ba namu ba ya sa muka nemi juna muka haɗa ɗaki. Ranar da muka tare a zangon farko, kaya ne suka riga mu shiga, mu kuwa muka tsaya a bakin ƙofa muna neman inda za mu sa ƙafa. Akwatin ƙarfe biyu, akwatin taya uku, manyan jakunkunan gana-mas-go bakwai, bokiti takwas, kuloli, katifu, da risho huɗu. Risho huɗu a ɗaki ɗaya! Har yau in muka tuna sai mu kwashe da dariya, don tun mako na biyu tukunya ɗaya muke ɗorawa.

Mu biyun da muka fito daga Rawayya 'yar wa da 'yar ƙani ne, kakarmu ɗaya. Da safen da za mu taso tana zaune a bakin ɗakinta tana kallo ana fitar da kaya. Babur uku ne a ƙofar gida, biyu na kaya zalla. Ta dube mu ta ce, "Ku ɗiyan nan, karatu za ku ko aure?" Muka yi dariya muka durƙusa ta sa mana albarka. A tashar Gusau dariyar ta ƙare. Yaron mota ya zagaya tulin kayanmu sau biyu, ya yanka mana kuɗin kaya da ya kusa kuɗin kujera guda. Lokacin ba a daɗe da janye tallafin man fetur ba, wanda aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya riga ya yi tsalle. Muka yi ciniki, muka yi magiya, daga ƙarshe muka ciro daga kuɗin da aka ba mu na abincin wata muka biya.

Dama Da Hagu

A ƙarshen shekarar karatu doka ce kowa ya kwashe kayansa daga ɗaki. Daren da za mu fara ɗauri, 'yar Tsafe, wadda lissafi take karantawa kuma ba ta barin abu ya wuce ba ta ƙirga shi ba, ta kawo shawara. Ta ce kowa ta zazzage kayanta a kan katifa. Duk abin da ta san ta yi amfani da shi tun da muka zo, ko da sau ɗaya ne, ta sa a dama. Wanda ba ta taɓa ba, ta sa a hagu. Ba a yarda da "ai na so in sa" ba.

Muka ɗauka wasa ne. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ɗakin ya yi tsit.

Ɗayarmu ta zo da kaya kala 31, ta sa 12. Wata ta zo da takalma ƙafa 9, uku take juyawa, ɗaya daga ciki silifas ne na wanka. An sami mayafai da ko ninkinsu na kanti ba a warware ba, kofunan tangaran shida da aka sayo don baƙi, jakar hannu mai sarƙa da ba ta ɗaukar ko littafi ɗaya, gidan waya guda biyar na waya ɗaya, da turarukan da suka ƙafe a kwalba. Wani leshi da aka ajiye a ƙasan jaka kusa da bango danshi ya kama shi, ya yi baƙi-baƙi, ba a taɓa sa shi ba ya lalace. Tulin hagu na kowaccenmu ya fi na dama tsawo. Na 'yar Gusau sai da ya zube ƙasa.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne tunawa da yadda aka sami kuɗin waɗannan kaya. A gidanmu na Rawayya an fitar da buhun waken suya da rabin buhun gero aka kai kasuwa don a haɗa mu. Babarmu ta ɗauki adashinta tun kafin lokacinta ya yi, ta roƙi wata ta yi mata musanye. Babu wanda ya yi ƙorafi, domin kowa yana ganin abin da ya kamata ke nan, kar a ce 'yarsu ta je jami'a da kaya kaɗan. Ga shi fiye da rabin abin da aka sha wahala aka saya ya shekara a duhun jaka.

Kuma ba ranar saye kaɗai muka biya ba. Mun biya a tasha zuwa, za mu biya komowa. Mun sayi kwaɗo huɗu. Duk lokacin da muka fita lacca tare, sai wata ta koma ta duba ko ta kulle akwati. Da aka ɗauke wa ɗayarmu sabon takalmi a kan igiyar shanya, kwana uku tana zargin mutane a zuci, har ta daina gaisa da maƙwabtanmu, alhali takalmin sau ɗaya ta taɓa sa shi kuma yana matsa mata yatsa. Wannan asarar ba ta shiga lissafin 'yar Tsafe ba, amma mu da muka zauna da mai takalmin a kwana ukun nan mun san ta fi kuɗinsa tsada.

Maganar Anko

Da muka tsaya muka duba tulin hagu da kyau, sai muka ga yawancinsa abu ɗaya ne: anko. Bikin ƙawa, bikin yayar ƙawa, sunan ɗan maƙwabciya, walimar sauka, bikin gama makaranta. Kowanne da atamfarsa ko leshinsa, wani har da mayafi da ɗankwali na dabam don ranar kamu. An sa sau ɗaya, an yi hoto, an ɗora a waya. Bayan nan kuma sai mutum ya ji nauyin sake sawa, wai kowa ya riga ya gan shi, kuma duk unguwa an san na bikin wance ne.

Ku da kuke aji shida yanzu kun san abin da muke faɗa, don tun zango na biyu ake fara turo hotunan atamfar bikin gamawa. A shekararmu kuɗin ankon da ɗinkinsa ya fi kuɗin fom ɗin JAMB. Mun san yarinyar da ta yi ankon ba ta sayi fom ba, ta ce sai baɗi. Baɗin bai zo mata ba. Ba mu ce ankon ne kaɗai ya hana ta ba, gidansu akwai wasu matsaloli. Amma da idonmu muka ga inda kuɗin da ya shigo hannunta ya tafi, kuma mu ma muna cikin waɗanda suka riƙa tambayarta, "Ke har yanzu ba ki kai ɗinki ba?"

Samari kar ku yi murmushi, ku ma kuna da naku. Ƙanenmu da ke aji biyar yana da jesin ƙwallo huɗu na ƙungiya ɗaya, don duk kaka sai an canza zane. Ga farar rigar da za a yi wa rubutu da maka ranar gama jarrabawa a jefar, ga takalmin da sai an ci bashi, ga canjin waya duk lokacin da aboki ya canza. Waya mai kyau tana hannu, ana neman wadda ta fi ta kyamara, a cika kuɗi, a karɓi tsohuwar wani da ba a san ciwonta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, sai dai namu kwaɗayin ba na abin ba ne sosai. Tsoron a bar mu a baya ne.

Akwai wani lissafi da ya tsaya mana a rai. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta ƙiyasta cewa kafin a sami rigar auduga guda ɗaya, tun daga gona har masaƙa, ana shan ruwa kusan lita 2,700. Mu da muka tashi muna ɗibar ruwa, da jarka muke gane lissafi: jarka mai lita 25 sau 108 ke nan. Ku tuna yawan sawun da mai kura zai yi kafin ya kawo wannan ruwa ƙofar gida. Tsofaffin Gusau ba sa buƙatar a gaya musu wahalar auduga, domin garin da auduga da gyaɗa ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, har aka yi gidan gurzar auduga da masaƙa. Mu jikokinsu ne muke sa riga sau ɗaya mu tura ƙasan jaka.

Nasu Da Namu

Idan kuna leƙa intanet, wataƙila kun ci karo da masu koyar da rage kaya. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya da wannan, ta rubuta littafi, a 2019 kuma aka yi mata shiri a Netflix tana shiga gidajen Amurkawa tana taya su fitar da tarkace. A can akwai mutanen da gida ya cika musu har suna biyan hayar wani ɗaki dabam don ajiye abin da ba sa amfani da shi. Abin da suka fitar kuwa, da yawansa nahiyarmu yake ƙarewa a dilolin gwanjo. A kasuwar Kantamanto da ke Accra ta ƙasar Ghana, ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, shara suke zama, su toshe magudanun ruwa su taru a bakin teku. Wato wani ya share ɗakinsa a Turai ya ji sanyi a ransa, sharar ta sauka a kan wani.

Mun kawo wannan ne don kar a ɗauka muna kwaikwayon su. Halinmu ba ɗaya ba ne. Da muka fara wannan zance a gida, wani yayanmu ya yi tsaki ya ce, "Ku dai kun ƙoshi. Ku je ku gaya wa mai riga biyu ya rage kaya." Ya yi gaskiya, kuma bai kamata mu wuce maganarsa da sauri ba.

Duk wanda ya tashi a Zamfara a shekarun nan ya ga rashi da idonsa. Mun ga matan da suka shigo Tsafe da Bungudu da Gusau daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, goyo a baya, ƙullin kaya ɗaya a ka, wasu ko takalmi babu. Sun bar rumbu cike, sun bar awaki, sun bar gadon aurensu. Ba wanda zai kalli mace tana kwana a kangon gini da tabarma ɗaya da tukunyar aro ya ce ta sauƙaƙa rayuwa. An raba ta da abinta ne da ƙarfi. Wanda ya ce rashi daɗi gare shi, bai kwana da shi ba.

Mu ma mun ɗan ɗanɗana a 2021, muna sakandare. A farkon watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, makarantu ma suna rufe. Wayoyinmu suka zama tocila da rediyo. Mutane suka riƙa hawa mota har Funtuwa a jihar Katsina don kawai su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Ba mu ji daɗin makonnin nan ba, kuma ba mu fatan a sake. Amma sun nuna mana wani abu da ba mu lura da shi ba a da. Abin da muka yi kewa shi ne muryar yayanmu da ke aiki a Kaduna, da sanin ko motar da babanmu ya shiga ta isa lafiya. Babu wadda ta yi kuka don ba ta ga hoton sabon leshi ba. A cikin wayar nan guda ɗaya akwai abin da rayuwa ke buƙata da abin da yake cin lokaci da data kawai, sai da aka ɗauke duka biyun muka iya bambance su.

Saboda haka amsar da muka ba yayanmu ita ce, ba da mai riga biyu muke ba. Da mu muke, mu da muke tsakiya: ba mu da kuɗi, amma muna tara kaya kamar masu kuɗi, da gumin iyayen da su kansu kala huɗu suke juyawa.

Miskali Ɗari Biyar

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu, sunansa ma muna da shi: wadatar zuci. Malamai kuma suna kiran babban matakinsa zuhudu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa da wa'azi a ƙasar Zamfara. A wajajen 1788, lokacin Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, aka ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiyar sai ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga addini, kar a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince.

A aji an koya mana wannan labari a matsayin tarihin jihadi, muka haddace don jarrabawa. Sai yanzu muka kalle shi ta wata fuska. Da Shehu ya buɗe hannu ya karɓi zinariyar, da wane baki zai yi maganar fursunoni da haraji? Rashin buƙatarsa ne ya ba shi damar faɗin abin da sauran mutanen wurin ba su iya faɗa ba. An kuma ruwaito cewa tufafinsa kaɗan ne, kuma yakan tufka igiya da hannunsa.

A zamanin da ya fi kusa da mu akwai Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa, amma abin da har abokan hamayyarsa suka shaida shi ne bai tara ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Mu ba Shehu ba ne, ba Malam ba ne, ba wanda ya yi mana tayin zinariya. Amma a ɗan ƙaramin matsayinmu mun ga yadda abin yake aiki. Yarinyar da dole sai ta yi kowane anko, dole ta nemi mai biya mata. Wani lokaci baba ne, wani lokaci bashi ne, wani lokaci kuma wani ne da ba don Allah yake bayarwa ba, kuma zai zo karɓar nasa. Yayyenku mata da ke jami'a sun san wannan magana, ko da ba su faɗa muku ba.

Kwanukan Kaka

Da muka koma hutu muka ba kakarmu labarin ƙirgar, muna jiran yabo. Sai muka ɗan tsokane ta, muka nuna jeren da ke bangon ɗakinta, tasoshi da samiru da kwanukan da tun muna yara ba mu taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Muka ce, "Kaka, ke ma ai naki tulin hagun ke nan."

Ta ce mu zauna. Ta ce jeren da muke gani bai kai rabin wanda aka kawo ta da shi ba. Shekarar da damina ta ƙi, ta sauke tasa biyu ta sayar aka sayi dawa. Da babanmu ya kwanta ciwo yana yaro, wata tasar ce ta kai shi asibiti a Gusau. Wasu ta ba 'ya'yanta mata da za su ɗakin miji. "Wannan bankina ne," in ji ta. "Ku naku fa, wa zai saya?"

Ba mu da amsa. Ankon da aka ɗinka daidai jikin mutum, in an kai wa dillaliya ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa ba zai dawo ba. Gidan waya kuwa ko kyauta sai an zaɓa. Daga ranar muka daina cewa yawan kaya ne matsala kai tsaye. Akwai abin da ake ajiyewa ya tsare mutum ranar wuya, kamar tasar kaka, ko tunkiya, ko keken ɗinki, ko littafi mai kyau. Akwai kuma wanda tun daga ranar da aka saye shi yake mutuwa. Mu na biyun muka cika jaka da shi.

Ta ƙara mana da wani abu, cewa garinmu ma ya san ɗaurin kaya. Zuriyar Malam Sambo Ɗan Ashafa, masu sarautar Katsinan Gusau, sun zauna a Wonaka, suka dawo Rawayya, kafin daga baya su koma Gusau. Mutanen da suka yi irin wannan ƙaura a kan jaki da raƙumi, in ji ta, sun san abin da ake ɗauka da abin da ake bari.

Abin Da Muka Yi, Da Inda Muka Yi Kuskure

Shekara ta biyu muka koma da akwati ɗaya da jaka ɗaya kowaccenmu. Risho ɗaya, tukwane biyu, bokiti huɗu. Kayan hagu muka kasa su. Waɗanda suka yi wa ƙannenmu daidai muka ba su. Atamfofin da ba a ɗinka ba muka mayar wa iyayenmu mata. Sauran muka wanke, muka goge, muka kai wa wata malamar Islamiyya da ta san gidajen da 'yan gudun hijira suka sauka. A nan ma ta koya mana darasi, domin ta ɗaga wani siket da zif ɗinsa ya mutu ta miƙo mana, ta ce mu kai wa tela tukuna. Wadda ta baro gidanta ba ta baro mutuncinta ba, in ji ta, kar mu mayar da ita bolar da za mu zubar da abin da ya ishe mu.

Mun yi wauta kuma. Da zafin nama ɗayarmu ta ba da bargonta da rigar sanyi, don a lokacin ana tsakiyar zafi, gani take ba za ta sake buƙatarsu ba. Disamba ta zo da hunturu, ta kwana uku tana rawar ɗari a cikin zani biyu kafin ta haƙura ta sayi wani bargon a gwanjo. Don haka in za ku gwada, kar ku yanke hukunci da zango ɗaya a kan kayan sanyi da na damina. Hanyar da ta fi mana sauƙi ita ce wannan: a farkon zango a zuba komai a jaka, a bar akwati babu komai. Duk abin da aka ciro aka yi amfani da shi, a mayar da shi akwati. Ranar hutu a buɗe jakar a ga abin da ya rage. Kuma kafin ku ba da wani abu, ku tambayi wanda ya saya muku, don wani kayan ba naku ba ne ku kaɗai, akwai ƙane da ke jiran ya gada.

Anko ne ya fi wuya. Muka yi alkawari a tsakaninmu cewa sai na 'yan'uwa na jini, shi ma kala ɗaya. Na ƙawaye kuwa za mu je da abin da muke da shi mai kama da launin, mu kai gudummawa a hannu, mu yi aikin biki. Wasu amaren sun fahimta, wata ma ta ce kuɗin da muka ba ta ya fi mata amfani. Amma wata ƙawarmu tun ta firamare ta ɗauki abin da zafi. Ta ce mun je jami'a mun fi ƙarfinta, a hoton ƙawaye ma aka ce mu matsa gefe don mun ɓata layi. Wata bakwai ba ta amsa saƙonmu ba. Sai da ta haihu muka je barka da safe, muka yi mata wanke-wanke da shara, sannan ta sake. Har yau ba mu tabbata mun kyauta mata ba, domin anko ba ɓarna ce zalla ba, akwai zumunci a ciki, kuma akwai tela da mai atamfa da suke ci daga gare shi. Gwaggonmu ma da sayar da atamfa take riƙe da marayunta. Da muka gaya mata shirinmu sai ta ce, "To, Allah Ya sa ku kaɗai ne."

Kuɗin da ya rage a hannunmu ba wani mai yawa ba ne, kar ku zaci mun yi arziki. 'Yar Tsafe ta haɗa nata ta sayi kalkuleta ta kimiyya da ta daɗe tana ara. 'Yar Gusau ta biya kuɗin koyon kwamfuta na wata uku. Mu biyun kuma, a karon farko, muka kai ƙarshen zango ba mu kira gida muna kukan gari ya ƙare ba. Wanki ya koma na awa ɗaya. Ɗakin ya sami filin da muke shimfiɗa darduma biyu a lokaci guda, abin da a shekarar farko sai an ɗaga jaka an ɗora a kan gado.

Hutun da ya wuce, babur ɗaya ne ya kai mu ƙofar gida a Rawayya, mu biyu da akwati a gaba, jaka a cinya. Kaka ta leƙo ta dubi bayanmu, ta sake duban hanya.

"Ina sauran? Ɓarayi suka tare ku?"

Muka ce a'a, iyakarsu ke nan.

Ta yi shiru, sannan ta tambayi inda manyan jakunkunan nan masu zif suke. Muka ce suna ƙarƙashin gado tun bara, babu komai a ciki. Ta aika a ɗauko mata biyu. Da muka shiga gaishe ta da dare, ta riga ta cika ɗaya da gyaɗa, ɗayar kuma da busasshiyar kuɓewa, tana neman wanda zai ja mata zif.